Sunan jikana ya same ni cikin ridi

Jiya aka raɗa wa jikana na fari suna, ni kuwa ina sunkuye a gonar ridin wani attajiri a Hawata, can yankin Gadarif.

Ɗana Idrisu, uban jaririn, a can yake ƙwadago. Ridi ya nuna, in an yi jinkiri zubewa yake. Wakilin gonar ya ce wanda ya tafi gida kada ya dawo.

Na sami wakilin, laujena a hannu.

"Ya Hajj, lafiya?"

"Hannu biyu kake so, ko lallai sai na Idrisu?"

Ya dubi furfurata. "In ka faɗi fa?"

"Ka jingina ni da damin ridi mu bushe tare."

Ya sallami Idrisu.

Da la'asar aka bugo waya, sunana aka sa wa yaron. Na yi ta dariya ni kaɗai, har wakili ya zo duba ko rana ce ta taɓa ni.

Kullum rediyo na cewa ridin Gadarif ke ciyar da ƙasa. Ku da kuka yi karatu, shi mai yankan, wa ke ba shi hutun kwana ɗaya?