Dattijon da Ya Zo Sayen Kan Sarki

A gidan waya, tagar sayar da kan sarki ce ta ƙarshe. Ma'aikaciyar wurin takan wuni tana kallon layin masu karɓar kaya, babu mai ko waiwayarta. Yau sai ga wani dattijo ya nufo ta kai tsaye.

Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, rigarsa ta kwana biyu amma ta sha guga. Tafin hannunsa duk kanta, ga baƙin mai a farce. A ranta ta ce wannan ko makanike ne ko mai gyaran keke.

"'Yata, har yanzu kuna sayar da kan sarki kuwa?"

"Muna sayarwa, Baba. Masu saye ne suka guje mu."

Ya yi dariya. Ta yago masa guda. Ya lashi bayansa, ya manna a kusurwar ambulan, yana murzawa da babban yatsa a hankali.

"Baba, ba ka da waya ne?"

"Ga ta nan a aljihu. Yayana ne kunnensa ya yi nauyi. In na kira, sai ya yi ta 'Wa ke magana?' har katina ya ƙare. Amma idonsa garau. In ya karanta, sai ya tara jikoki ya sake karanta musu, har da ƙarin abin da ban rubuta ba."

Ya zura wasiƙar a akwati, ya kasa kunne har ya ji faɗuwarta, sannan ya gyara hularsa ya fita yana murmushi.