Wayar da Muka Yanke a Motar Baffa

Na yi yawo gwargwado. Na ci burodin Kwatano, na sha ruwan saman Fatakwal, na kwana a tashar Agadas. Amma ban taɓa karɓar aiki mai wuya irin wanda Hajiya, matar Baffana, ta ɗora mini a Azare ba.

Baffa yayan mahaifina ne, a hannunsa na tashi, shi ya koya mini tuƙi. Yana da wata tsohuwar mota mai giyar hannu, yana kula da ita kamar 'yar auta. Sai yanar ido ta fara rage masa gani. Ya taɓa yi wa durom ɗin fetur sallama, har ya ji haushi da bai amsa ba. Wannan mun yi dariya. Amma da ya kwashe teburin mai shayi a hanyar Giade, Allah ya sa babu kowa a benci, dariya ta ƙare.

"Kai ne ɗan gaban goshinsa," in ji Hajiya. "Ka raba shi da motar nan kafin ya ɗauki rai."

"Hajiya, ni in buɗe baki in ce wa Baffa ya tsufa?"

"To wa ya ce ka buɗe baki? Duk yawon da ka yi ba ka koyo dabara ko ɗaya ba?"

Na ce wa Baffa zan kai motar juyen baƙin mai. Na wuce da ita wajen wani mai wayarin, Kirista ne daga kudancin Bauchi, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Na ce sikiriti nake so, irin mai hana mota tashi. Ya tambaya ɓarayi ne suka dame mu. Na ce mai motar ne. Ya ajiye filaya ya yi dariya har da tari, sannan ya ce shi ma haka suka sha da babansa da keke.

Ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ya cire murfin, wayoyi suka zubo kamar taliya. Da ɗan ƙwan gwaji ya riƙa taɓa su, ni ina murɗa makulli. Wadda yake nema ita ce mai kawo wuta sai an murɗa har ƙarshe, wato wayar kik, mai tada inji. Da ya same ta ya datse ta biyu.

"Me ya sa ba ta famfon mai ba?" na ce, don in nuna ni ma na san wani abu.

"Alhaji, in abin nan ya rikice ana cikin gudu, mota ta mutu a tsakiyar titi, wa gari ya waya? Ta kik kuwa iyakarta ta ƙi tashi a tsaye."

Ya ɗauko rile, ɗan baƙin akwati bai kai na ashana ba. Bakin wayar biyu ya haɗa su da ƙafafunsa biyu, sauran ƙafafun ɗaya ya kai wayar makulli, ɗaya akwatin sikiriti. In an kulle da rimot, kana murɗa makulli sai rile ya raba hanyar, wuta ba za ta kai kik ba. In an buɗe, kamar ba a taɓa komai ba. Jiniyar muka ƙi haɗawa, don kada ta tona mana asiri. Rimot ya koma hannun Hajiya.

Washegari da hantsi Baffa ya sa babbar riga, zai je gaisuwa Giade. Ina zaune a zaure, ina leƙe. Ya murɗa, fitilun gaban sitiyari suka kama, kik shiru. Ya sake, shiru. Hajiya daga bayan ƙofa har ta fara hamdala.

Abin da ni da mai wayarin muka manta shi ne garin da muke. A Azare mota ba ta mutuwa ita kaɗai. Baffa ya leƙo ta taga ya ce, "Jama'a, a taimaka." Shi ke nan. Tela ya bar kekensa, mai rake ya jingine wuƙa, har ladan, wanda ya girmi Baffa, ya tattare riga ya dafa but. Mota mai giyar hannu ba ruwanta da kik in ta sami masu turi. Ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci, ta yi tari ta kama, ya ja ta ya tafi. Masu turi suna ta murna, ni na fito ba takalmi ina kiran ɗan acaɓa.

Duk hanyar addu'a nake. Muna fita gari kaɗan na hango motar a gefen titi, injin yana aiki, shi yana zaune hannu biyu a kan sitiyari. Babu jini, babu taro. Na sauka na nufe shi.

"Baffa, lafiya?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Wani abu ya gilma gabana. Na taka birki, ya wuce. Har yanzu ban sani ba akuya ce ko ɗan mutum."

Ya buɗe ƙofa ya fito a hankali, yana dafa jikin motar har ya zagaya ɗaya ɓangaren ya zauna.

"Shiga mana. Ko gaisuwar ma kun yanke mata waya?"

Na shiga ina sunkuyar da kai, na gyara madubi. Ya ce in bar masa madubinsa yadda yake. Mun yi nisa yana ta gyara mini tuƙi, wai ina cin kuloci, wai a Kwatanon ma haka nake ba shi kunya. Da muka kusa Giade sai ya rage murya.

"In mun koma, ka ce wa Hajiyarku gwiwata ce ke ciwo. Gwiwa, ka ji ko?"

Na ce na ji, Baffa. Gwiwa ce.