Mai Cikin da Na Tarar a Gulma

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina sabuwar ma'aikaciyar lafiya a Birnin Kebbi, aka tura mu ƙauyukan Argungu mu yi wa mata tambayoyi: haihuwa nawa, nawa ke raye, wa ya karɓi haihuwar. A Gulma aka sauke mu, ni da wata ungozomar asibiti da ta haife ni a shekaru. Direba ya ce da la'asar za mu juya, don damina ce, in ruwa ya sauko hanya ba ta biyuwa.

Bayan azahar na shiga wani gida ni kaɗai. Matar da zan tambaya tana da tsohon ciki, na fari. Surukarta na gefe tana tsintar shinkafa. Ina cikin karanto tambayoyi na lura tana runtse ido. Fuskarta ta kumbura, awarwaro ya nutse a hannunta. Na danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Kanki na ciwo?"

"Tun shekaranjiya," in ji ta. "Kuma ina ganin wasu taurari."

An koya mana cewa jijjiga ke biyo bayan wannan. Na ruga na kira ungozoma. Ta auna jininta sau biyu, sannan ta ce, "Inna, yau ya kamata ta kwana asibiti."

Tsohuwar ta ajiye faifai. "Tambaya kunka ce kun zo yi, yanzu kuma ɗaukar mutum? Kumburin ciki na, ni ma na yi shi. Mijinta na hwadama, ba ta hita sai da izni nai."

Hadari ya riga ya haɗo daga gabas. Direba ya fara danna oda. Na cire takalma na bi kunyar gonaki, laka har ƙauri, ina tambaya har aka nuna mini mijin yana cirar ciyawa cikin shinkafa. Ya saurare ni bai miƙe ba.

"An ce kuna rubuta mata don a hana su haihuwa."

"Wallahi ba haka ba ne, malam."

"Kin tabbata in ta kwana gida wani abu na samunta?"

Ni ba likita ba ce. Na ce, "Ba ni da tabbas. Amma da ƙanwata ce, da tuni tana cikin mota."

Ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya wanke hannu a ruwan gonar ya wuce gaba, na bi shi.

Da muka iso gida, tsohuwar ce ta fara shiga motar, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Muna hango Argungu jijjigar ta taso. Ungozoma ta juya ta gefe, ni na tare ta kada ta faɗo, tsohuwar na ta salati, ruwa na dukan gilashi, direba bai ko waiwaya ba.

Uwar ta rayu. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba. Da na je dubiya bayan kwana uku, mijin na zaune a bakin ɗakin. Na yi masa gaisuwa ina tsoron abin da zai ce. Ya amsa, ya matsa ya ba ni hanya, ya ce, "Shiga, tun jiya take cigiyarki."