Burtalin da Yaya Idi ya bi da shi ta gonarmu

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar wana, Idi Safiyo. Shi ya yi karatu a gidanmu. Ni aji biyu na yi a elemantare, na bar malamai suka huta.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo shi ya auna dajin da ke tsakanin Furana da Paki, ya fitar da taswira: duwatsu, kwazazzabai, rafuka, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya. Tuddai yakan zana su da layuka zagaye-zagaye kamar adon ƙwarya. Ya ɗauke ni riƙon sandar awo, aikin da ba ya son komai sai tsayuwa, shi kuma yana can nesa yana leƙo ni ta na'urarsa mai ƙafa uku.

Idi ba ya tambayar mai unguwa inda burtali yake. Bayan garke yake bi, wai saniya ta fi kowa sanin inda hawa ke da sauƙi. Rannan da rani garken ya ratsa gefen gonarmu, wurin da Baba ya daɗe da ci daga burtalin yana shuka dawa. Na san in ya shiga takarda mun rasa shi. Sai na matsa da sandar taku arba'in cikin saurar maƙwabci, na tsaya ƙyam kamar mutumin kirki.

Ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago.

"Audu, ina kashin shanun yake?"

"Yana can baya, Yaya."

"To koma ka tsaya a kansa."

Na koma. Baba ya yi wata guda bai amsa gaisuwarsa ba.

Da zai dawo yau, zai sami duwatsunsa inda ya zana su. Burtalin kuwa masara ta cinye, kowa ya matsa abinsa ba mai leƙo shi. Na gefen gonarmu kaɗai ya rage, faɗin kunya goma sha biyu, ban taɓa sa masa garma ba. 'Ya'yana sun ce bana a nome shi, tunda ba ya kai ko'ina. Gaskiyarsu. Na ce su jira bayan raina.

Makon jiya wani makiyayi ya tsaya da shanunsa a ƙarshen burtalin, gonaki gaba, gonaki baya.

"Baba, daga nan ina ake bi?"

Na ce ban sani ba, amma iya nan dai hanya ce, ba mai korarsa.