Dubu Shida a Kan Yashi

"Saita min juyin injin a dubu shida, yalla, yi sauri!" in ji Basiru, wanda nake gyara wa mota a unguwar Khumra ta Jidda. Muna bakin layin tseren motoci.

Na taka kwaltar, takalmina bai manne ba, iska ta watso yashi. Na ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, in juyin injin ya wuce dubu huɗu wajen tashi, taya ba za ta kama ba."

Ya nuna min waya. "Baturen bidiyon nan da ya ce dubu shida ya fi ka karatu."

Halas, shi ke nan, na saita.

Koriyar fitila ta kama, tayoyinsa suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi, abokin karawarsa ya wuce abinsa.

Ya dawo yana tari. "Nawa ka ce ɗazu?"

Na ce, "Tambayi Baturen."

Jama'a, Baturen nan ya taɓa taka kwaltar Jidda kuwa?