Ranar da Baba Ya Rungume Baƙo

Jiya wani mai gadi ya caje ni a Kasuwar Kwastam, sai na tuna Baba, shugaban ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo.

A da, kowace bazara mukan jera wasanni huɗu a ɗan dandalinmu. Da bama-bamai suka fara tashi, Baba ya hana kowa tsaron ƙofa sai shi. Yakan ce, "Ni na ci zamanina."

Wata la'asar wani baƙo ya nufo mu, rigarsa a kumbure, yana ta gumi. Baba ya ce, "Ku ja baya, 'ya'yana," ya je ya rungume shi ƙam. Na runtse ido ina salati.

Ashe kalangu ne a hammatarsa, kiɗa ya zo yi mana.

Yau Baba ba ya raye. Ya Allah, yadda ya tsare mana ƙofa, Ka buɗe masa ta Aljanna.