Hotunan Ƙafar Mama

A gidan hayar da nake zaune a Kakuri, duk wanda ya yi sabuwar waya ɗakina yake fara kawo ta. Malamar makaranta ce ni, saboda haka ni ce mai buɗe wayar gida. In mutum ba shi da imel ba na tsayawa wahala, sai in zuba nawa, waya ta tashi, a yi ta sa mini albarka ina jin kaina. Rabin unguwar haka ake yi.

Haka na yi wa Mama, maƙwabciyata. 'Yar Binuwai ce, mijinta ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu ya bar ta da tukunya. Sakwara da miyar agushi take sayarwa a bakin titi, inda masu keke ke tsayawa. 'Yarta, ma'aikaciyar jinya a Makurɗi, ita ta aiko mata wayar.

Wata rana ina neman hoton bikin ƙanwata a wayata, sai ga ƙafa. Ƙwaurin mutum ne da gyambo kamar murfin kofi, ga zanen Mama an ɗage shi zuwa gwiwa. Ashe duk hoton da ta ɗauka sai ya haura ma'ajiyar imel ɗina, ya sauko mini. Kowace safiya da sabo, ka san wani ake tura wa ya duba. Nan na gane dalilin doguwar safar da take sawa ko ana tsananin zafi. Mai sayar da abinci da gyambo? In maganar ta fita, ciniki ya mutu.

Na ce wa kaina tsoro nake kada in taɓa wani wuri in goge mata hotuna. Ƙarya nake. Kullum kafin in sha shayi sai na leƙa in ga ko ya kame. Ga ni kuma da tausayin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Na fara karɓe mata tukunya, ina jawo mata kujera. Har zuma na sayo mata, don an ce tana maganin gyambo, na ce kyauta aka ba ni.

Mama ba yarinya ba ce. Wata Asabar da rana na ji ta ta bango tana zazzaga wa wani faɗa a waya da yarensu. Can sai ga ta a ƙofata, ta miƙo mini wayar.

"'Yata, abeg, cire mini wannan abin hirar. Yarinyar nan ta Makurɗi ta rantse mini in na tura, daga ni sai ita, a kulle yake, ko masu kamfanin ba sa gani. To ya aka yi kika san ina buƙatar zuma? Ita ta kira ki. Ashe rediyo na haifa."

"Mama, ba ta kira ni ba."

"Kada ki kare ta. Daga yau ba ta ƙara ganin ƙafata. Ta ruɓe ɗin."

Na ɗauko wayata na buɗe mata. Ta daɗe tana ja da yatsa, hoto bayan hoto. Na so ta yi mini irin ihun da ta yi wa 'yarta, amma ba ta yi ba.

"Tun yaushe?"

"Tun farko, Mama."

"Kina cin sakwarata kina kallona ke nan."

A gabanta na cire imel ɗina, na buɗe mata nata, na goge komai a wajena. Na yi mata bayani har bakina ya bushe, cewa 'yarta gaskiya ta faɗa, saƙon a kulle yake, ni ce na bar wata ƙofa a buɗe. Ta kira yarinyar ta ba ta haƙuri. Amma hoto kam ta ce an gama. Wai wayar da ta kai wa malama hoto ba da saninta ba, wa ya san wanda take kai wa yanzu?

Har yau muna gaisawa, tana ma ƙara mini nama. Sai dai in na shigo tsakar gida takan gyara zama ta ja zane.

Kwanan baya 'yarta ta samo lambata ta kira. Ta ce ta yi roƙon duniya Mama ta ƙi turowa, asibitin nan kusa ma ta ƙi zuwa don kada masu saye su gan ta.

"Anti, ke da kike kusa da ita, don Allah ya ƙafar take?"

Na ce mata ban sani ba.